Yadda Falalu Tela Ya Gano Ciwon Kowa a Tanut

Falalu tela ne a Tanut, shagonsa na bayan tashar motocin Agadas. In gaskiya za a faɗa, hannunsa na da kyau a wuyan riga. Bakinsa ne ya hana shi ci gaba. Ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In ana zancen rijiya, shi ya nuna wa mahaƙa inda ruwa yake. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa gyara wa wani matuƙi kuskure a Damagaram. Ƴan fadar shayin da ke ƙofar shagonsa sun saba. In ya fara sai su yi maza su miƙa masa kofi, don mutum ba ya magana da shayi a baki.

Shekarar da ƙanin matarsa ya aiko masa da salula mai faɗin gilashi daga Libiya, abin ya sake salo. A cikin salular ya gamu da wani mutum mai farar riga da tabarau, zaune gaban littattafai, yana ɗaga yatsu yana cewa ga alamomi biyar da ke nuna kana da ciwon ƙwaƙwalwa ba ka sani ba. Bidiyon bai kai minti guda ba. Yana ƙarewa wani ya hau. Kafin la'asar Falalu ya kalli arba'in. Ya rufe shago ya nufi gida yana tafiya a hankali, kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihu.

Ya tarar da matarsa Hajjo tana tankaɗen garin gero.

"Hajjo, zauna. Ina da magana mai nauyi."

"A zaune nake, Malam."

"An gano abin da ke damuna."

"Wa ya gano?"

"Ni."

"To, me ke damunka?"

"Abu huɗu. Hiperaktif, sitires, tiroma, da wani guda da ban iya faɗin sunansa ba tukuna. Shi ya fi tsanani."

"Sannu. Ina ke maka ciwo?"

"Ba ya ciwo. Haɗarinsa ke nan. Kin lura nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni?"

"Na lura kakan shiga kasuwa ka manta abin da na ce ka sayo."

"Alama ta ɗaya! Kin lura nakan fara ɗinki, ban gama ba in ɗauki wani?"

"Duk Tanut an lura."

"Ta biyu ke nan. Kuma masana sun ce masu wannan ciwo basira ce ta yi musu yawa. Ƙwaƙwalwata mota ce, keken ɗinki kuwa jaki. Shekara ashirin ana ce mini malalaci, ashe majinyaci ake zagi."

"Majinyacin zai iya cin tuwo?"

"Ciwon bai hana ci."

Ya tashi da malmala uku.

Washegari ya yanke shawara. Mutumin da ya gano cuta huɗu a jikinsa cikin yini guda, bai kamata ya bar sauran jama'a cikin duhu ba. Ya tattara ragowar farin yadi ya ɗinka wa kansa rigar likita. Yadin bai isa ba, sai ya cike bayan da atamfa mai zanen kaji. Daga gaba likita, daga baya akurki. Saboda haka ya koyi shiga shago da baya-baya. Ya samo allo ya rubuta: DOKTER FALALU, MASANIN ƘWAƘWALWA. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: ana kuma ɗinki. Ya sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da bik, don rubuta sunan kowa da ciwonsa.

Majinyaciya ta farko ba ta san majinyaciya ba ce. Inna Kaltuma mai ƙosai ce, ta zo karɓar zanenta da ta kawo a yi wa baki sati uku da suka wuce.

"Falalu, ina zanena?"

"Inna, zauna tukuna. Yaya kike ji a ranki?"

"Ina jin in kwaɗa maka wannan ludayin. Ina zanena?"

Falalu ya girgiza kai cikin tausayi ya buɗe kaye.

"Jiya na wuce ki kina ta dariya da masu sayen ƙosai. Yau ga ki kina faɗa. Inna, kina da bifoler."

"Jiya ban zo karɓar zanena ba."

"Musu. Shi ma alama ce."

Ta tafi ba zane, amma da ciwo.

A fada, Mushe Abdurrazak, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, ya leƙa allon ya karanta har sau biyu.

"Falalu, ina difilom ɗinka?"

"Mushe, kai shekara nawa ka yi kafin ka sami naka?"

"Goma sha uku."

"Ni bidiyo ɗari uku na kalla cikin sati biyu. Kai ne malamin lissafi."

"Waɗanda ke cikin bidiyon, ka san ko likitoci ne?"

"Suna da farar riga."

"Kai ma kana da ita."

"To ka gani."

Aka rubuta wa Mushe yawan tunani, mataki na uku.

Cikin kwana goma ba wanda ya tsira a layin. Mai kabu-kabu da ke kaɗa ƙafa in yana jiran fasinja, hiperaktif. Ladan da ke komawa ya duba ko ya rufe masallaci, ciwon maimaici. Matar da ba ta son hayaniyar kasuwa, tsoron jama'a. Matar da ke son hayaniyar kasuwa, tsoron kaɗaici.

Mutum ɗaya kaɗai ya fita. Ɗan Azumi, maƙwabcin Falalu kuma abokinsa tun suna yara. Manomi ne, yana da gona da shanu a wani ƙauye wajen Olelewa. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare, shanunsa goma sha ɗaya suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan yakan zo fada ya zauna a ƙarshen benci, a ba shi shayi ya riƙe har ya huce. Falalu ya dube shi sama da ƙasa ya rubuta a gaban sunansa da manyan baƙaƙe: LAFIYA LAU.

"Ku yi koyi da Ɗan Azumi," in ji shi. "Ba faɗa, ba gardama, ba yawan ci. Natsuwa tsantsa. Ko ba haka ba, Ɗan Azumi?"

Ɗan Azumi ya ce, "Haka ne."

"Kun ji ko?"

Rigima ta farko mai girma daga Isma'ila mahauci ta taso. Isma'ila na da guntun madubi a jikin dirkar rumfarsa, inda yake gyara hula da gashin baki in ba masu saye. Falalu ya tsaya daga nesa ya ƙirga: sau tara kafin azahar. Ya ɗauki salula ya aika saƙon murya a gurup ɗin unguwa.

"Salamu alaikum jama'a, Dokter Falalu ne. Ina sanar da ku bincike ya tabbatar Isma'ila mahauci na ɗauke da narsisik mai tsanani. A yi hattara."

Ana idar da azahar saƙon ya kai garin Belbeji. Kafin la'asar ya dawo daga Falanko da ƙarin bayani, wai narsisik a cikin hanta yake zama, wuta ba ta kashe shi, kuma ya riga ya kwantar da mutum biyu a can. Kwana biyu ba wanda ya doshi rumfar Isma'ila sai ƙuda.

Rana ta uku Isma'ila ya shigo shago da cinyar akuya a kafaɗa. Ya dire ta a kan keken ɗinki.

"Kai ne ka ce ina da narsisi?"

"Narsisik. Da kaf a ƙarshe."

"A jikin akuyar yake ko a jikina?"

"A halinka. Son kai ne, da yawan duba madubi."

"To me ya haɗa madubina da tukunyar mutane?"

"Wannan jahilcin jama'a ne. Ni ilimi na bayar."

"Akuya uku na yanka, Falalu. Suna rataye suna kallona."

"Ka ji ko? Na yanka, suna kallona. Ni, ni, ni. Alama ta biyu."

Isma'ila ya sake saɓa cinyar a kafaɗa. Ya kama wuyan farar rigar ya ja shi har bakin rumfa, ya zaunar da shi a kan turmi a gaban jama'a, ya gasa cinyar nan ya ajiye masa.

"Ci. Kowa ya gani."

Falalu ya dubi wuƙar da ke hannun Isma'ila, ya juya ga jama'a.

"Yanzu za ku ga gwajin kimiyya. Dama na shirya shi."

Ya ci. Ya ci har ya nemi ƙarin yaji. Mutane suka fara matsowa, har mata biyu suka taya tsoka. Sai dai naman ya kwana biyu cikin zafin bazara. Washegari tun da hantsi aka ga Dokter ya fito shago a guje ya nufi bayan gida, ya dawo, ya sake komawa, sau bakwai. Garin ya gama yanke hukunci: narsisik gaskiya ne, ga shi ya kama likitan ma. Sai da Malam Idi mai unguwa ya aika nasa saƙon da rantsuwa, ya kuma sayi kai da ƙafa a bainar jama'a, sannan aka koma rumfar Isma'ila.

Falalu ya kwanta kwana biyu. Da ya tashi ya ce kwanciyar ta ba shi damar ƙaro karatu. Ya gano cewa gano ciwo bai isa ba, sai da magani. Ya kuma ga maganin da idonsa: wasu Turawa sun shiga daji sun tsaya a jere suna kurma ihu, suka fito suna rungumar juna.

"Sitires kamar hayaƙi yake," ya gaya wa ƴan fada. "In bai sami ƙofa ba, sai ya ƙona ɗaki. Yau bayan la'asar za mu buɗe masa ƙofa."

Mutum bakwai suka bi shi, rabinsu don kallo. Aka tafi da Ɗan Azumi don ya riƙe huluna, tunda shi ba ya bukatar magani. Suka hau wani tudun rairayi a bayan gari. Falalu ya jera su.

"In na ce uku, kowa ya fito da abin da ke cikinsa. Daga cibiya, ba daga maƙogwaro ba. Ɗaya. Biyu. Uku!"

Ƙattai takwas suka kurma ihu lokaci guda.

A bayan tudun akwai rijiya. A bakin rijiyar akwai wani Bafillace da tumaki arba'in da uku suna shan ruwa. Tumakin suka watse gabas da yamma. Matan da ke ɗaukar itace suka zubar suka ruga gari suna "Ɓarayi! Ɓarayi!" Falalu ya ji kururuwar daga nesa ya ɗaga yatsa.

"Kun ji? Har mata sun kama. A sake!"

Suna cikin na uku motar jandarma ta tsaya a gindin tudun. Shef, babbansu, ya hawo a hankali, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa aka kashe?"

"Ba kowa, shef. Sitires muke fitarwa."

"Ya fita?"

"Saura kaɗan."

"Kai wane ne?"

"Dokter Falalu."

"Juya."

"Shef, ba sai na..."

"Juya."

Ya juya. Shef ya daɗe yana duban kajin. Sannan ya nuna Bafillacen da ke tsaye riƙe da sanda, yana huci.

"Tumaki arba'in da uku. In magariba ta yi babu ko ɗaya, sauran sitires ɗin a birgad, ofishinmu, zai fita."

Haka suka bazu cikin ƙaya da ƙarangiya suna bin tumaki. Mushe Abdurrazak, mai shekara sittin da huɗu, ya kamo biyu ya rasa takalmi ɗaya. Da suka dawo karɓar huluna, suka tarar da Ɗan Azumi zaune inda suka bar shi, yana kallon tumakin da ake tarawa, hawaye na bin fuskarsa.

"Rairayi ne ya shiga masa ido," in ji Falalu. "Ku busa masa."

Washegari Malam Idi mai unguwa ya aika a kira shi.

"Falalu, ƙara goma sha ɗaya aka kawo mini a kanka. Ladan ya daina rufe masallaci don kada a ce yana da ciwo, awaki sun kwana a ciki. Ka sauke allon nan."

"Ranka ya daɗe, matsalar ita ce jama'a ba su fahimta ba. A ba ni ranar kasuwa in yi konferans, in tara jama'a in yi musu lacca. In na yi bayani, da kansu za su zo neman gafara."

Malam Idi ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya fasa. Ya shafa gemu.

"Na yarda. Amma zan gayyato Manjo Raishatu ta zauna."

Manjo Raishatu ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwar, shekararta goma sha biyar tana aiki a nan yankin Damargu.

"Ta zo, ranka ya daɗe," in ji Falalu. "Ilimi ba a rowarsa. Ta taho da kaye."

Ranar kasuwa ya aro lasifika wurin wani mai tallan maganin basir. Ya aro amalanke don ya tsaya a kai, mai amalanken kuwa ya ce ba zai kwance jaki ba don yana da lodi anjima. Jama'a suka taru, manoma daga Falanko, makiyaya daga Belbeji da raƙumansu, Inna Kaltuma da ludayinta, Isma'ila a sahun gaba ya harɗe hannu. Hajjo ta tsaya can baya inda za ta iya cewa wucewa take. Manjo Raishatu ta zauna a kan benci kusa da mai unguwa.

Falalu ya hau, ya fuskanci jama'a da gaban rigarsa, ya busa makirfo. Lasifikar ta yi ƙara, jakin ya yi gaba taku biyar. Jama'a suka bi shi taku biyar.

"Jama'ar Damargu! Bincike ya nuna cikin kowane mutum goma, sha biyu na da ciwon ƙwaƙwalwa."

"Sauran biyun daga ina?" in ji Mushe.

"Baƙi ne. Yanzu zan nuna muku bidiyo."

Ya ɗaga salula. Ranar kasuwa ce, rezon salula ya yi nauyi, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a gilashin. Jama'a suka kalli da'irar minti uku cikin ladabi.

"Shi ne ciwon?" wani makiyayi ya tambaya.

Falalu ya mayar da salula aljihu.

"Ba komai, duk yana kaina. Wani majinyacina ya fito ya ba da shaida. Inna Kaltuma!"

"Ina zanena?"

"Isma'ila!"

"In na hawo nan, ɗayanmu ne zai sauko da ƙafarsa."

Aka yi dariya. Gumi ya fara keto wa Falalu. Ya waiga ya hango Ɗan Azumi tsaye a gefe, inda ya sa shi gadin batirin lasifika.

"To, tunda marasa lafiya na jin kunya, zan nuna muku lafiyayye, ku san abin da kuka rasa. Mutum sittin da biyu na duba, shi kaɗai ya fita. Ɗan Azumi, hawo!"

Ɗan Azumi ya hau. Rigarsa ta yi masa yawa, abin da tela ya kamata ya fara lura da shi.

"Zan yi masa tambayoyi biyar na babban ciwon nan depiresiyo. Ku saurari yadda mai lafiya ke amsawa." Ya kai masa makirfo baki. "Ɗan Azumi, kana barci lafiya?"

"A'a."

Muryar ta fita ta lasifika har rumfar masu gishiri.

"Yana nufin ba ya barcin rana," in ji Falalu. "Alamar ƙwazo. Ta biyu. Kana jin daɗin abinci?"

"A'a. Kamar ƙasa nake taunawa."

"Wannan laifin girki ne. Ta uku..."

"Ba laifin Safiyatu ba ne," in ji Ɗan Azumi. "Matata na ƙoƙari. Ni ne ba na jin ɗanɗanon komai."

Dariyar ta fara raguwa. Falalu ya duba tafin hannunsa, inda ya rubuta tambayoyin da bik, gumi ya fara narkar da su.

"Ta uku. Akwai abin da kake so da, yanzu ba ka so? Ka ce babu."

"Gona. An kusa shuka, ko iri ban duba ba. In na ɗauki hauya sai in ajiye."

"Ɗan Azumi, ba haka muka..."

"Ba ka taɓa tambayata ba, Falalu. Yau ka tambaya." Ya riƙe makirfon da kansa, ba da ƙarfi ba. "Tun da shanun nan suka mutu, wata takwas ke nan, in gari ya waye sai in ji haushin wayewarsa. Ina zuwa fada ne don kada yara su ga fuskata a gida. Wani lokaci in na dubi hanyar arewa, sai in ji kamar in kama ta in yi ta tafiya, kada in dawo."

Ciniki ya tsaya cak. Har mai tallan maganin basir ya sunkuyar da kai. Daga cikin mata aka ji kukan mutum ɗaya, Safiyatu ce, Hajjo ta riƙe ta.

Manjo Raishatu ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta je ta zare wayar lasifika daga batir, sannan ta miƙa wa Ɗan Azumi hannu ya sauko.

"Malam Ɗan Azumi, ka yi daidai da ka faɗa. Abin nan da kake ji sananne ne, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ana samun sauƙinsa. Sauran maganar ba ta kasuwa ba ce. Je ka zauna inuwar can da maiɗakinka, ina zuwa."

Da suka wuce ta ɗaga kai ta dubi Falalu a kan amalanke.

"Mutum nawa ka ce ka rubuta?"

"Sittin da biyu, Manjo."

"Nawa ka zauna ka tambaya?"

"Ai ba a tambaya. Dubawa ake yi, sai a gwada da alamomi."

"Kowa yana mantuwa. Kowa yana fushi. Kowa yana duba madubi. Ka raba wa mutum sittin da ɗaya ciwon da ba su da shi, guda ɗayan da ke bukatar taimako ka sa shi gadin huluna."

"Dama shirina ke nan, Manjo. Na san in na kawo shi gabanki..."

"Falalu," in ji Malam Idi, "kawo kayen."

Aka miƙa kaye. Nan take layi ya kafu, kowa na son ya ga an goge sunansa da idonsa. Ladan ya ce a yage nasa shafin ya tafi da shi. Inna Kaltuma ta ce a bar nata, a ba ta zanenta. Isma'ila ya karɓi bik ya buɗe shafin farko, inda sunan Falalu yake da cututtukansa huɗu, ya soke su duka ya rubuta guda: SURUTU.

Ana cikin haka mai amalanke ya zo, ya ce lokacin lodi ya yi. Bai jira a sauka ba, ya buga wa jaki sanda. Falalu ya rungumi lasifika don kada ta faɗi, aka ratsa da shi tsakiyar kasuwa har rumfar masu gero, duk Damargu na kallon bayansa.

Bai fito ba kwana uku. Rana ta huɗu Manjo Raishatu ta aika a kira shi. Ya je da rigarsa ta gida, ya zauna a bakin kujera.

"Ɗan Azumi ya fara zuwa wurina," in ji ta. "Akwai magana, akwai magani, kuma zan haɗa shi da likita a Damagaram. Amma yana bukatar wanda zai riƙa rako shi duk Litinin, ya mayar da shi gida. Na tambaye shi wa yake so. Ya ce kai."

Falalu ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Ya ce kai kaɗai ne ba ka daina kiransa fada ba."

Falalu ya goge ido da hula. Sannan ya gyara zama.

"To, Manjo, tunda za mu yi aiki tare, ina da wasu dabaru..."

"Sharaɗi ɗaya ne. Daga ƙofar gidansa zuwa nan, daga nan zuwa ƙofar gidansa, ba za ka ce uffan ba. In ya yi magana ka saurara. In bai yi ba ka yi tafiya."

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa kaɗai."

Litinin ta farko ya sha wuya. Sun wuce wani mutum yana magana shi kaɗai da jakinsa, Falalu ya cusa gefen rawani a baki. Ta biyu ya tauna goro huɗu. Ta uku mutane suka fara fitowa ƙofar gida don su ga Falalu ya wuce bai ce komai ba. Wata tsohuwa ta ce ta gode Allah da ya nuna mata wannan kafin ta mutu.

Litinin ta biyar, suna dawowa, Ɗan Azumi ya fara magana. Ya kira sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya, da halin kowace, da wadda ta fara kwantawa, da wadda ya yi kwana uku yana ɗagawa da igiya. Falalu ya san abu goma sha biyu da zai ce. Ya haɗiye su duka, har maƙogwaronsa na motsi. Da suka iso ƙofar gida Ɗan Azumi ya tsaya ya dube shi.

"Falalu, lafiyarka kuwa? Fuskarka ta kumbura."

Falalu ya nuna bakinsa ya girgiza kai.

"Mun iso ai. Yi magana, shirun nan naka ya fara ba ni tsoro."

Falalu ya saki numfashi kamar an kwance salka.

"Wallahi da ka ƙara saniya ɗaya da na fashe."

Ɗan Azumi ya yi dariya. Ba mai yawa ba ce, kuma ta ƙare da tari. Amma Safiyatu ta jiyo ta daga cikin gida, ta leƙo da muciya a hannu don ta ga ko wane ne. Da ruwan farko ya sauka ya fita gona. Bai warke sarai ba, yana nan yana zuwa wurin Manjo, amma ya shuka.

A ranar da Ɗan Azumi ya yi dariyar nan, Falalu bai tsaya ko'ina ba sai fada. Ya karɓi kofi ya ajiye bai sha ba.

"Jama'a, na gano sabon magani. Babu shi a salula, babu shi a Turai. Ni na ƙirƙiro shi, Manjo ma a wurina ta gani."

"Mene ne sunansa?" in ji Mushe Abdurrazak.

"Shiru."

Ya yi musu bayanin shirun tun daga la'asar har aka kira magariba.